Suna Linzami Ne: Nazari A Kan Kalmomin Tsangwama Ga Masu Ƙwayar Cutar HIV A Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa baki shi kan yanka wuya, haka kuma sukan ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. A duk lokacin da aka ambaci take haƙƙin ɗan Adam, abin da kan fara zuwa mana a rai shi ne duka ko ɗauri ko kisa. Ba kasafai mukan tuna cewa kafin hannu ya ɗagu, baki ne kan fara share masa fage ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba irin kalmomin da muke amfani da su a Hausa wajen ambaton cutar ƙanjamau da waɗanda ta shafa, sannan ta nuna yadda kalmomin kan buɗe ƙofar tauye musu haƙƙi. Na taƙaita nazarin a kan Hausar da ake yi a yankinmu na Kudancin Kaduna, musamman Fadan Kaje da Zonkwa da Kafanchan, domin can na tashi, can kuma na ji waɗannan kalmomi da kunnena. Zan fara da bayanin muhallin nazarin, sannan taƙaitaccen tarihin cutar, sai fiɗar kalmomin ta fuskar ƙirar kalma da ma'ana. Daga nan zan kawo labarin wata mata da na sani, da abin da doka ta tanada, kana in rufe da aikin da ke gabanmu mu ɗaliban Hausa.

2.0 Muhallin Nazari

Ni Bajju ce, harshen gidanmu shi ne Jju. Hausa kuwa a kasuwa da coci da makaranta na koye ta, kamar yadda mafi yawan 'yan yankinmu suka koya. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙoƙin ibada a wurinmu. Kafanchan kuma, wadda ta zama mararrabar jirgin ƙasa tun cikin shekarun 1920, ta tara mutane daga ko'ina, kuma Hausa ce ta haɗa su. Saboda haka idan Bajju da Atyap da Ham da Bafulatani suka haɗu a layin asibiti, da Hausa za su gaisa, da ita ma'aikacin jinya zai yi musu bayani, da ita kuma za a yi gulmar wanda ya fito daga ɗakin gwaji.

Akwai wani dalili da ya sa batun suna ya dame ni. Garinmu ana kiransa Fadan Kaje. "Kaje" shi ne sunan da Hausawa suka san mu da shi, kamar yadda suka san Atyap da "Kataf", Ham kuma da "Jaba". Iyayenmu sun daɗe suna fafutukar a kira su da sunan da suke kiran kansu, kuma lokacin da aka ba mu masarauta a 1995, da sunan Bajju aka kafa ta, sarkin kuma ake ce masa Agwam Bajju. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ba sai an gaya masa cewa suna linzami ne ba. Abin mamaki shi ne, mu da muka san zafin sunan da wani ya laƙaba maka, mu ne kuma muke laƙaba wa marasa lafiyarmu sunayen da suka fi wannan muni.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Cutar

A 1981 aka fara ba da rahoton wannan cuta a Amurka, a 1983 kuma masana a cibiyar Pasteur da ke Faransa suka gano ƙwayar da ke haddasa ta. A Nijeriya, a 1986 aka sanar da samun ta a karon farko. Zuwa 2001, gwajin da ake yi wa mata masu juna biyu a wuraren awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar, wanda shi ne adadi mafi yawa da irin wannan gwaji ya taɓa nunawa a ƙasar. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin raba magani a 2002 a kan kuɗi kaɗan, sannan ta mayar da shi kyauta a 2006. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, kuma aka ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne ke da ƙwayar a ƙasar a lokacin.

Abin lura ga ɗalibin harshe a nan shi ne, an yi kimanin shekara 16 tsakanin bayyanar cutar a ƙasar nan da fara raba magani. A cikin waɗannan shekaru ne aka raɗa mata yawancin sunayenta na Hausa, lokacin da abin da mutane ke gani kawai shi ne rama da gudawa da makara. Magani ya zo ya sauya cutar, amma sunayen suna nan yadda suke.

Ya kamata kuma a bambance abu biyu tun daga nan. HIV ita ce ƙwayar da ke shiga jini tana raunana garkuwar jiki. AIDS kuwa shi ne matakin ƙarshe, lokacin da garkuwar ta karye har wasu cututtuka kamar tarin fuka suka sami damar yin kaka-gida. Mutum na iya yin shekaru da ƙwayar bai kai wannan mataki ba, idan kuma yana shan magani a kan kari, yana iya tsufa bai taɓa kaiwa ba.

4.0 Fiɗar Kalmomin

4.1 Ƙanjamau

Wannan ita ce kalmar da ta fi yaɗuwa, a rediyo da jarida da bakin jama'a. A yankinmu "kanjamau" muke cewa, saboda yawancinmu ba mu bambanta "k" da "ƙ" a furuci. Ta fuskar ƙira, an samo ta ne daga aikatau "ƙanjame", wato rame ƙwarai ko bushe, aka yi wa saiwar ɗafa-ƙeyar "-au":

ƙanjame > ƙanjamau
sanƙare > sanƙarau
manta > mantau
makara > makarau

Idan muka duba misalan nan za mu ga ɗafa-ƙeyar tana iya samar da sunan cuta daga alamarta, kamar sanƙarau mai sanƙarar da wuya, tana kuma iya samar da sunan mutumin da aka sani da wani hali, kamar mantau. Ta fuskar ƙa'idar Hausa, kalmar ba ta da aibu ko kaɗan, ƙirƙira ce mai kyau. Matsalar tana wajen ma'ana. Na farko, kalmar ta ɗaure cutar da rama, saboda haka duk wanda ya rame sai a fara yi masa kallon zargi, ko da ciwon suga ne ke damunsa ko yunwa. Na biyu, duk wanda yake da ƙiba sai a ɗauka lafiyarsa lau, abin da ke sa wasu ƙin zuwa gwaji. Na uku, kalma ɗaya ce ake amfani da ita ga ƙwayar da kuma matakin ƙarshe. Idan ma'aikaci ya gaya wa mace mai ƙoshin lafiya cewa tana da ƙanjamau, abin da kunnenta ya ji shi ne za ta bushe ta mutu.

4.2 Laƙabobi

Bayan sunan da aka amince da shi, akwai laƙabobin da ake yi a bayan fage. Waɗanda na fi ji su ne:

(a) kabari kusa
(b) kabari salamu alaikum
(c) ciwon zamani
(d) takwas, ko bakwai da ɗaya

Na (a) da (b) harɗaɗɗun sunaye ne da aka gina a kan kalmar kabari, kuma hukunci suke yankewa: mai cutar ya riga ya gama, jiran lokaci kawai yake yi. Na (c) sakaya zance ne, amma kalmar zamani a bakin dattawa tana ɗauke da ma'anar lalacewar tarbiyya, don haka akwai zargi a ciki. Na (d) wasa da harshe ne, domin furucin sunan cutar a Turanci ya yi kama da na lamba 8, sai matasa suka mayar da shi Hausa don su yi habaici a gaban mutum ba tare da an kama su ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa "sida" suke cewa, wadda suka aro daga Faransanci. Tun da aro ce, ba ta ɗauke da hoton rama ko kabari a cikin Hausa.

Wannan ɗabi'a ba a Hausa kaɗai take ba. A Ibo akwai laƙabin da ke nufin abin da ƙarshensa jar ƙasa, wato kabari, Yarabawa kuma sun daɗe suna amfani da wata kalma mai kama da furucin Turancin wadda a harshensu take da ma'anar asiri ko tsinuwa.

4.3 Ɗan, 'Yar Da Mai

Yadda muke ambaton mutumin shi ma abin dubawa ne. A kwatanta waɗannan:

'yar ƙanjamau
mai ƙanjamau
mai ɗauke da ƙwayar cuta

"Ɗan" da "'yar" a Hausa suna nuna asali ko sana'a ko ƙungiya: ɗan Kano, 'yar kasuwa, ɗan daba, ɗan ƙwaya. Idan aka ce wa mace 'yar ƙanjamau, an mayar da cutar garinsu ke nan, ko sana'arta. Ba mu cewa 'yar hawan jini ko ɗan maleriya da wannan sigar ta zagi. "Mai" ya fi sauƙi domin mallaka kawai yake nunawa. "Mai ɗauke da" kuwa shi ne 'yan jarida suka fi amfani da shi, kuma ya fi na farko nesa ba kusa ba, sai dai yana zana hoton mutum da kaya a kai yana neman inda zai sauke.

4.4 Aikatau

A nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki. Bahaushe idan zai yi maganar rashin lafiya, cutar ce yakan mayar aikau, mutumin kuma karɓau:

Zazzaɓi ya kama shi.
Ƙyanda ta fito wa yaron.
Tari ya sa ta gaba.

Amma da zarar an zo kan wannan cuta sai jumlar ta juye:

Ta kwaso ƙanjamau.
Ya ɗauko ta a Legas.
Ta jajibo wa kanta.
Ita ta shafa masa.

A jumlolin farko marar lafiya abin tausayi ne, wani abu ne ya same shi. A na biyun shi ne mai aikatawa. Bugu da ƙari, kwaso da ɗauko da jajibo duk aikatau ne na giredi na 6 a rabe-raben Parsons, masu ƙarewa da "-o", waɗanda ke nuna an yi aikin a can an taho da sakamakonsa nan. Wato wasali ɗaya tak ya isa ya gaya wa mai sauraro cewa mutumin ya fita yawo ne ya dawo mana da masifa gida. Ina matsayin jaririn da aka haifa da ƙwayar? Ina na matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, ko wanda aka ƙara wa jinin da ba a tantance ba? Nahawun jumlar ya riga ya kama su da laifi tun kafin a saurare su.

5.0 Daga Baki Zuwa Aiki

Mai karatu na iya cewa ai duk wannan magana ce kawai, fatar baki. Don haka zan kawo labarin wata mata wadda zan kira Inna. Sai da na nemi izininta kafin in rubuta, kuma na ɓoye sunanta da unguwarsu, domin tona asirin irinta yana cikin abin da maƙalar nan ke yaƙi da shi.

Ina firamare mijinta ya rasu bayan doguwar jinya. Bai yarda an kai shi asibiti ba, daga masu addu'a sai masu maganin gargajiya. Ya bar ta da ciki. Da ta je awo a wani asibiti sai aka yi mata gwaji, aka sami ƙwayar. Ba ta gaya wa kowa ba, amma wata mai aiki a wurin ta san danginta, kuma kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa.

Inna ƙosai take soyawa a bakin hanya. Cikin 'yan kwanaki masu saye suka ɗauke ƙafa, har sai da ta daina fitowa, alhali ƙwayar ba ta yaɗuwa ta abinci ko musabaha ko cizon sauro. A coci, idan ta zauna a benci sai na kusa da ita su tuna suna da abin yi a wani layin. Dangin mijin suka kira taro. Wasu suka ce ita ta kwaso ta shafa wa ɗansu, wasu suka ce nkut ne, wato maita a harshenmu. Babu wanda ya tambayi wane ne ya fara kwanciya tsakanin su biyun. A ƙarshe suka karɓe gonar da suke nomawa tare, bisa hujjar cewa wadda kabari ke kusa da ita me za ta yi da gona. Da kyar mai unguwa da wani fasto suka sa baki aka bar mata ɗakin da take ciki.

Ba zan wanke kaina ba. Ina cikin yaran da idan ta wuce mukan ce "kabari kusa" mu ruga a guje muna dariya. Ban san ma'anar abin da nake faɗa ba, a bakin manya na ji. Ranar da mahaifiyata ta ji ni, ta kama hannuna ta kai ni har ɗakin Inna, ta sa na durƙusa na ba ta haƙuri, sannan ta zauna muka ci tuwo da ita a kwano ɗaya.

Inna ta fara shan magani tun tana da cikin, kuma ɗan da ta haifa ba shi da ƙwayar. Wannan ba abin al'ajabi ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ba a ɗauki mataki ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na irin waɗannan jarirai kan kamu, amma da magani adadin kan sauko ƙasa da kashi 5. Yaron yanzu yana sakandare. Ita kuma tana nan da ƙibarta, tana kiwon aladu da kaji, ta kuma halarci jana'izar wasu daga cikin waɗanda suka yi mata lissafin kwanaki. Gonar dai ba ta dawo ba har yau. Da na je mata da maganar wannan rubutu, abin da ta ce mini shi ne: "Ɗiyata, rubuta. Ciwon nan ƙwaya ɗaya nake sha masa a rana in kwanta. Bakin mutane ne ba shi da magani."

A lura da yadda kowane mataki na zaluncin ya jingina da kalma. "Ta kwaso" shi ya ba da hujjar ɗora mata laifin mutuwar miji. "Kabari kusa" shi ya ba da hujjar ƙwace gona. Masanin zamantakewa Erving Goffman, a littafinsa na 1963 a kan tsangwama, ya yi bayanin yadda tabo ɗaya kan rufe duk sauran abin da mutum yake a idon jama'a. Haka aka yi wa Inna: aka manta uwa ce, gwauruwa ce, 'yar zumuntar mata ce, aka bar ta da suna ɗaya.

Ya kamata a ƙara da cewa wannan nauyi ya fi faɗawa a kan waɗanda dama ba su da ƙarfi. Mata ne ake fara ganowa, saboda su ke zuwa awon ciki, don haka su ake fara zargi. Marayu, fursunoni da mata masu zaman kansu su ma sukan haɗa tsangwama biyu a lokaci guda.

6.0 Me Doka Ta Ce?

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam a sashe na 34, sirrinsa a sashe na 37, ya kuma hana nuna bambanci a sashe na 42. Sai dai sashe na 42 ya lissafo ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci rashin lafiya ba. Shari'u biyu za su nuna mana yadda aka sha fama.

Ta farko ita ce ta Georgina Ahamefule, mai taimaka wa ma'aikatan jinya a wani asibiti mai zaman kansa a Legas. A 1995, tana da ciki, aka yi mata gwaji ba da saninta ba, aka kore ta daga aiki, da cikin ya zube kuma asibitin ya ƙi yi mata wankin ciki. Ta shigar da ƙara a 2000. A 2001 alƙaliyar da ke sauraron ƙarar ta hana ta shiga zauren kotu, wai sai an kawo shaidar masana cewa ba za ta harbi kowa ba. Sai a watan Satumba na 2012 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa korar haramtacciya ce, ta kuma ba ta diyyar naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan daga kora zuwa hukunci.

Ta biyu ita ce ta Festus Odafe da wasu 'yan'uwansa masu jiran shari'a a gidan yarin Fatakwal. A 2004 Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa barin su ba magani azabtarwa ce, ta ba da umarnin a kai su asibiti, tana mai dogara da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi.

Domin cike giɓin da ke akwai ne aka yi dokar hana nuna bambanci ga masu HIV da AIDS ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Dokar ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta, ko hana shi magani ko wurin zama, saboda yana da ƙwayar. Ta hana a gindaya gwaji a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, ta kuma hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba. Wanda ya karya ta yana fuskantar tara ko ɗauri ko duka biyun. Akwai kuma hukumar NACA a matakin tarayya, da KADSACA a Jihar Kaduna, da ƙungiyar NEPWHAN ta masu ƙwayar su kansu, waɗanda ake iya kai wa kuka.

Tambayar ita ce, mutum nawa ne a kasuwar Zonkwa suka san da wannan doka? Da Turanci aka rubuta ta, da Hausa da Jju kuma ake karya ta. Da na yi wa Inna bayaninta, cewa ta yi ba ta taɓa jin cewa abin da ma'aikaciyar nan ta yi mata yanzu laifi ne da ake hukunta mutum a kai ba.

7.0 Aikin Ɗalibin Hausa

Gyaran kalmomi ba sabon abu ba ne a wannan fage. Tun 1983, a wani taro a birnin Denver na Amurka, masu cutar suka fito suka ƙi amincewa a riƙa ambaton su kamar waɗanda aka riga aka gama da su. Hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana fitar da jagora a kan kalmomin da suka dace. A gida Nijeriya, a 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar sababbin kalmomi a Hausa da Ibo da Yarabanci. A Hausa sun zaɓi "karya-garkuwa" ga HIV, suka bar "ƙanjamau" ga AIDS, suka kuma fifita "mata masu zaman kansu" a kan "karuwai". A ganina wannan rabe-rabe daidai ne, domin karya-garkuwa tana bayyana aikin ƙwayar ba tare da ta zana kamannin mutum ba. Sai dai a iya saurarena, kalmar ba ta sauko daga takarda zuwa kasuwa ba tukuna a yankinmu. Saukar da ita aikinmu ne. Ga shawarwarina:

1. Mu bambance karya-garkuwa da ƙanjamau a duk rubutu da fassarar da za mu yi, musamman waɗanda za su shiga aikin rediyo da talabijin.

2. Mu mayar wa cutar jumlar da muke yi wa sauran cututtuka. A ce "an same ta da ƙwayar" maimakon "ta kwaso".

3. Mu guji "ɗan" da "'yar" a nan. Wasu na cewa "masu rayuwa da HIV". Gaskiya ne an ji ƙanshin fassara a jikinta, amma ko ba komai ta sa rayuwa a inda aka saba sa kabari. Inna da abokan zamanta kuwa "mu masu karɓar magani" suke ce wa kansu, kuma ina ganin wanda abin ya shafa shi ya fi cancanta ya zaɓi sunansa.

4. Sashenmu na iya ɗaukar fassarar muhimman sassan dokar 2014 zuwa sassauƙar Hausa a matsayin aikin aji a darasin fassara, a kai wa coci-coci da masallatai da wuraren awon ciki.

5. Mu nemo Hausar da za ta isar da sabon ilimi. An tabbatar cewa wanda ke shan magani har ƙwayar ta yi ƙasa ta yadda gwaji ba ya gano ta a jininsa ba ya harbin abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada haka a 2023. Wannan labari yana buƙatar gajeriyar jumla mai daɗin faɗa da za ta iya gogayya da "kabari kusa" a bakin jama'a. Ni dai ban samo ta ba tukuna, ina kuma gayyatar masu hikimar cikinmu su gwada.

Ga kuma ɗan aiki ga mai karatu idan an tafi hutu: ya saurari yadda ake ambaton wannan cuta a garinsu, da Hausa da kuma harshen gidansu idan yana da wani, ya rubuta kalmomin, ya lura da aikatau ɗin da ake haɗa su da shi. Haka nan ya gwada wannan awo a kan kalmomin da muke yi wa kutare da masu taɓin hankali da zabiya. Idan muka haɗa abin da muka samo, sashenmu zai sami abin nazari mai yawa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa sunayen da Hausa ta ba wannan cuta an raɗa su ne a zamanin da babu magani, kuma har yanzu suna ɗauke da tsoro da zargin wancan zamani. An ga yadda ɗafa-ƙeyar "-au" ta ɗaure cutar da rama, yadda laƙabobi suka ɗaure ta da kabari, da yadda aikatau irin su kwaso da ɗauko suka ɗora laifi a kan marar lafiya. An kuma ga, ta labarin Inna da shari'un Ahamefule da Odafe, cewa daga irin waɗannan kalmomi ake zarcewa zuwa tona asiri da kora da ƙwace dukiya. Doka ta samu tun 2014, amma ba za ta yi aiki a inda ba a ji ta da harshen da ake fahimta ba.

A kowace ranar 1 ga Disamba akan yi bikin ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, mu ma mukan sa riguna mu yi jerin gwano. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu fita gyaran wasu, mu fara duba abin da ke fita daga bakinmu a ɗakunan kwana da wuraren hira. Idan akwai kuskure a Hausata ko a nazarin, ina maraba da gyara daga malamaina da abokan karatuna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma tsare harsunanmu daga cutar da bayinsa. Amin.